Fenti A Jikin Garma, Guba A Cikin Ƙwarya

Kowace shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, akan jera sababbin taraktoci da garemanin shanu da amalanke a filayen taro na manyan garuruwanmu, ja da rawaya da kore, suna ta ƙyalli a rana. A yi jawabai, a faɗi miliyoyin da aka kashe da yawan ekar da za a nome, sa'an nan a raba wa manoma a watse. A cikin dukan jawaban nan da wuya a ji wanda ya tambayi abin da aka haɗa fentin nan mai ƙyalli da shi. Mai yiwuwa ma wani ya ce wannan tambaya ce ta marasa aikin yi. Mu kuwa muna ganin tambaya ce da ta shafi dukiyar talaka da lafiyar 'ya'yansa, kuma amsarta tana hannun irinmu, watau ɗaliban da ke shirin kama aiki da matasan ma'aikatan da suka riga suka zauna a kan teburan ma'aikatu.

Abin da ya sa muka tayar da maganar shi ne dalma. Masu haɗa fenti sun daɗe suna zuba ta a cikin fentin mai saboda dalilai uku. Tana ba da launi mai kaifi wanda ba ya saurin koɗewa, musamman rawaya da ja da ruwan lemo. Tana hana ƙarfe tsatsa, shi ya sa jan fentin da akan fara shafa wa ƙarfe kafin a ɗora launi ya daɗe yana ɗauke da ita. Tana kuma sa fenti ya bushe da wuri. To, kayan aikin gona su ne ke kwana a waje, rana ta doke su, ruwa ya jiƙa su, saboda haka su ne aka fi nema wa fenti mai ƙarfi da juriya. Fentin kuwa ba ya dawwama a inda aka shafa shi. Bayan 'yan shekaru sai ya tsattsage, ya ɓamɓare, ya zube ƙasa ɓawo-ɓawo ko ya zama gari. Launin yakan gushe, amma dalma ba ta ruɓewa, ba ta narkewa ta ɓace. Inda ta faɗi nan take zama shekara da shekaru.

Sai mu dubi halin saniya. Akuya takan tsinci abincinta da leɓe, ta zaɓi wanda take so ta bar saura. Saniya harshe take sa wa ta kwaso, ta haɗiye, sai daga baya ta yi tuƙa. Duk mahaucin da ya daɗe yana fiɗa ya san irin ƙusoshi da guntayen waya da ledoji da ake tararwa a cikin tumbin sa. Abu mai nauyi idan ya shiga, sai ya kwanta a wani aljihu na tumbin, ya yi zamansa. Idan ɓawon fenti ne ko gutsuren dalmar batir, haka zai zauna yana sakin guba a hankali cikin jini. Ban da wannan, saniya dabba ce mai lasa, maraƙi kuwa ya fi ta, domin ba ya ganin sabon abu ya wuce bai sa masa harshe ba. Da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe ta rasa gishirinta, kwaɗayin lasa yakan tsananta har ka ga shanu suna taunar ƙashi da tsumma, suna lasar ƙasa da bango. Wasu mahaɗan dalma kuma suna da ɗan zaƙi-zaƙi a baki, don haka dabbar da ta ɗanɗana takan koma. Littattafan likitancin dabbobi sun haɗu a kan cewa a cikin dabbobin gona shanu ne suka fi yawan kamuwa da gubar dalma, maruƙa ne kuma kan gaba, kuma tsohon batir da tsohon fenti su ne manyan ƙofofin da take shigowa.

A ƙasarmu ba sai an yi dogon nazari ba kafin a ga inda shanu da fenti suke haɗuwa. Tun shekarun 1920 da 1930 aka soma koya wa manoman Arewa huɗa da shanu, har abin ya zama jiki. Sa yana yini a gaban garma, ya jawo amalanke zuwa gida, ya kwana a ɗaure a gindin amalanken nan. Mai kiwon turka yakan sayi duro a raba masa biyu a wurin mai walda, ya mai da shi kwamin dusa da na ruwa, wani lokaci har ya sa a shafa masa fenti ciki da waje don kada ya yi tsatsa. A gidajen gona na zamani akwai ƙyamaren ƙarfe da shingen bututu da tankunan ruwa, dukansu fentattu. Tarakta idan ta mutu akan jingine ta a ƙarshen gona, da batirinta da komai, maruƙa su mai da inuwarta wurin hutu. Gwangwanin fentin da aka gama da shi ba a yar da shi. Da shi ake ɗiban ruwa ko awon dusa.

Alamun gubar ba su da daɗin gani. Dabba takan daina cin abinci, ta riƙa cizon haƙora tana dalalar da yawu, jikinta na karkarwa. Takan makance alhali idanunta a buɗe suke, ta riƙa zagaye wuri guda, ko ta kafa kai a jikin bango ko itace ta tsaya. Daga nan sai kuka da faɗuwa da shure-shure kamar mai farfaɗiya. Maraƙin da ya sha da yawa yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu, wani ma sai dai a wayi gari a tarar da gawarsa. Da yake alamun sun yi kama da na haukan kare, da na cin muguwar ciyawa, da na wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, da wuya mai dabba ya kawo fenti a ransa. Wani ya ce iska ce, wani ya ce sammu ne, wani ya zargi maƙwabcin da suka yi rigima a kan ɓarnar gona. Magani akwai, watau allurar da ke kama dalma a cikin jini ta fitar da ita ta fitsari, amma tana bukatar likita da kwanaki da kuɗi, kuma sau da yawa kafin a gane abin da ake ciki aikin gama ya gama. Ga manomin da shanun huɗa biyu ne dukan jarinsa, mutuwar guda a bakin damina ta kashe masa noman shekara.

Da a kan dabbar abin ya tsaya, da sai mu ce asara ce ta dukiya, Allah ya mayar da alheri. Amma kowa ya san abin da ake yi idan sa ya faɗi: a yi maza a sa masa wuƙa kada ya zama mushe, a kira mahauci a sallama masa da araha. Dalma kuwa a hanta da ƙoda da ƙashi ta fi taruwa, watau kayan cikin da ake rububinsu a kasuwa da ƙashin da ake jefawa a miya. Wuta ba ta kashe ta, tafasa ba ta kore ta. Saniyar da ta sha kaɗan, ba ta faɗi ba, tana iya ɗauke da ita watanni a jikinta, wani kaso yana fita ta nono, a tatsa a zuba a ƙwarya. A Ingila, idan aka tabbatar garke ya ci dalma, akan hana kai dabbobinsa mayanka na aƙalla makonni 16. A wurinmu wa zai hana, tun da ba a ma gane abin da ya kayar da san ba?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a san wani ma'auni na dalma a jikin mutum da za a ce ba ya cutarwa ba. Ta kuma nuna cewa ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da babba. Ɓarnarta a ƙwaƙwalwa take, kuma ba ta gyaruwa: yaro ya tashi da nauyin fahimta da ƙarancin natsuwa, a yi ta dukansa a makaranta ana ce masa daƙiƙi. Tana kwanciya a ƙashin mace shekaru, sai ta sami ciki ta fito ta isa ga ɗan tayi. Yaron gidan manomi kuwa hanyoyinsa biyu ne, domin bayan nono da nama, shi ne mai hawa amalanke yana wasa, shi ne mai rarrafe a ƙasar da ɓawon fenti ya zuba, hannunsa kuma kullum a baki.

Mutanen Arewa ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan dalma. A 2010, a ƙauyukan Dareta da Abare da Yargalma da Bagega da wasunsu, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara sama da 400 suka rasu ta dalilinta. A 2015 abin ya sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. Gaskiya ne cewa wannan dalma daga dutsen zinariya ta fito, wanda ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yawanta ya fi na fenti nesa ba kusa ba. Amma akwai darasi guda da ya shafi maganarmu kai tsaye. Masu binciken da suka shiga ƙauyukan Zamfara sun sami labarin cewa tun kafin yara su fara faɗuwa agwagi suka fara ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Dabba ita ce ke fara nuna abin da ke cikin ƙasa da ruwa. Maraƙin da ya makance a gindin amalanke gargaɗi ne ga dukan gidan.

Duniya ta daɗe da sanin wannan. Tun 1921 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙulla yarjejeniyar taƙaita amfani da farar dalma wajen fentin cikin gine-gine. Amurka ta haramta dalma a fentin gidaje da kayan wasan yara a 1978, ta tsai da iyaka a kashi 600 cikin miliyan, sa'an nan a 2009 ta rage zuwa kashi 90 cikin miliyan. Wannan adadi na 90 shi ne Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar su mai da shi doka. An kuma ga cewa abin yana yiwuwa, domin ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun daina sa dalma a man fetur a 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya da ta daina a 2021. Sai dai a nan ne muke roƙon mai karatu ya lura da kyau. Dokar Amurka ɗin nan ta keɓe fentin da ake sake shafa wa injinan gona da na masana'antu, ta bar shi a sayar muddin an rubuta gargaɗi a jikin gwangwani. Hankalin masu doka a ƙasashe da yawa ya fi karkata ga bangon ɗaki da gadon jariri, aka bar fentin ƙarfe a baya, bisa zaton cewa injin gona yana can nesa da yara. Wannan zato ba ya aiki a ƙauyukanmu, inda garma da sa da yaro suke kwana cikin shinge ɗaya.

Hanyoyin shigowar fentin nan gare mu guda biyu ne. Ta farko, tsofaffin injinan da ake sayowa gwanjo daga ƙasashen waje, waɗanda wasunsu an ƙera su tun zamanin da dalma ke cikin kusan kowane fentin ƙarfe. Ta biyu, kuma ita ce babba, kayan da ake ƙerawa a nan gida. Maƙeranmu da masu walda, a wurare irin su Panteka ta Kaduna da sauran garuruwa, suna ƙera garma da amalanke da injin sussuka da na niƙa, aiki ne abin yabo. Amma idan sun gama, fentin da ya fi araha kuma ya fi ƙyalli suke saye, tun da mai saye da ido yake ciniki. Wani bincike da masana suka buga a 2007 ya auna fentin mai da ake sayarwa a kasuwar Nijeriya, ya tarar kusan dukansu sun haura iyakar Amurka ta lokacin, rawaya kuma ya fi kowane launi yawan dalma. Ko da masana'antu sun gyara tun daga lokacin, amalanken da aka fente a shekarun nan suna nan suna aiki. Ido kuma ba ya rarrabewa: akwai jan fentin hana tsatsa da ake yi da sinadarin ƙarfe, ba ruwansa da dalma, amma manomi ba shi da hanyar bambanta shi da ɗaya in ba a rubuta masa ba, kuma an tabbatar da rubutun a ɗakin gwaji.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce makiyayin da ɓarayi suka kore wa garke, ko manomin da ya kasa zuwa gonarsa don tsoro, ina ruwansa da fenti? Haƙiƙa waɗannan sun fi girma, ba mu musa ba. Amma manyan matsaloli suna bukatar shekaru da biliyoyi, wannan kuwa layi guda take bukata a takarda, kuma babu hikima a ƙyale abin da ake iyawa don akwai wanda ya gagara. Za a kuma ce ina alƙaluman shanun da fenti ya kashe? Amsarmu ita ce, ba a samun adadin abin da ba a auna ba. San da aka yanka a ƙauye aka cinye kafin la'asar ba ya shiga littafin kowa. Na uku, za a ce fenti marar dalma ya fi tsada. Masana'antu da yawa a duniya sun sauya zuwa wasu sinadarai ba su rufe ba. Ko da an sami ɗan bambanci a kuɗin gwangwani, mai shakka ya je kasuwar Wudil ko Maigatari ko Potiskum ya tayi sa guda, sa'an nan ya dawo mu yi lissafi.

Babbar matsalar a ganinmu ita ce al'amarin ya faɗa tsakanin ofisoshi. Likitan dabbobi yana ganin fenti harkar masana'antu ce. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya gwangwanin da ke kanti take dubawa, Hukumar NESREA mai kula da muhalli tana can tana fama da sharar masana'antu, ma'aikatar gona kuma ƙarfin inji da farashinsa kawai take tambaya. Kowa ya ɗauka aikin wani ne. Duk kyan ƙa'idar da aka rubuta a Abuja, ba ta da amfani ga maraƙi sai ta isa rumfar mai walda.

Saboda haka muke ba da waɗannan shawarwari. Na farko, duk wata ma'aikata ko hukumar raya aikin gona da za ta ba da kwangilar sayen tarakta ko garma ko amalanke ko kwami, ta rubuta a cikin sharuɗɗa cewa dalmar fentin kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma ba za a biya kuɗi ba sai an kankaro samfuri an auna. Gwamnati tana cikin manyan masu sayen kayan nan; idan ta ƙi mai dalma, masu kawowa za su sauya ba sai an kai kowa kotu ba. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, wadda aka kafa a 2024, ita ta fi cancanta ta fara. Na biyu, iyakar nan ta hau kan kowane irin fenti, har da na ƙarfe da na injuna, kada mu kwafi dokar wasu mu kwaso har da giɓinta. Na uku, a zauna da ƙungiyoyin maƙera da masu walda a nuna musu, domin su ne farkon masu shaƙar hayaƙin sa'ad da suke yanka fentaccen ƙarfe da wuta, kuma a tufafinsu ƙurar ke bin su gida. Na huɗu, likitocin dabbobi da masu duba nama a mayanka su sa gubar dalma cikin abubuwan da suke zato duk lokacin da aka kawo dabba makauniya mai karkarwa, a aika da jini ko ƙoda zuwa ɗakin gwaji, ko a Vom inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, ko a tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Akwai kuma abin da malamin gona zai gaya wa manomi yau ɗin nan, ba sai an jira kasafin kuɗi ba. Kada a shafa fenti a cikin kwamin ci ko na sha. Na siminti ko na itace ko na roba ya wadatar. A ɗaure shanu nesa da inda ake ajiye injuna, a kawar da mataccen batir da baƙin mai da gwangwanayen fenti daga inda dabba ko yaro zai kai. Kada a kankare tsohon fenti a busashe kusa da harawa ko rijiya. A jiƙa shi, a shimfiɗa buhu a ƙasa, a tattara ɓawon a kawar. Kada a ƙona fentaccen katako, domin dalmar a toka take zama, shanu kuwa suna son lasar toka. Ko fenti marar dalma ne, a bar shi ya bushe sarai warinsa ya fita kafin dabba ta kusance shi, garka kuma farar ƙasa ta ishe ta. A ba shanu kanwa da gishiri a kan kari, musamman da rani, domin dabbar da ta ƙoshi da kanwa lasarta takan ragu. In kuwa sa ya faɗi da alamun da muka zana, a nemi likita, kada a ci kayan cikinsa, kada a sayar wa wani ya ci.

'Yan'uwa ɗalibai, saura namu. Kowace shekara ɗaruruwanmu a sassan kimiyyar haɗa sinadarai da aikin gona da likitancin dabbobi muna neman batun binciken kammala digiri, wasu har su maimaita abin da aka yi sau goma. Ga batu nan a ƙofar gida. A kankaro fenti daga amalanke da garemanin ƙaramar hukuma guda a auna, a karɓo hanta da ƙoda daga mayanka a auna, a buga sakamakon da Hausa, a kai gidan rediyo. Alƙaluman da ake cewa babu, mu ne za mu samo su. Waɗanda kuma suka riga mu kama aiki, su tuna cewa takardar kwangila kafin ta isa gaban kwamishina ta hannun ƙaramin ma'aikaci take bi, shi ke tsara ta, shi ke buga ta. Da harajin manomi da kuɗin shanun makiyayi aka gina dakunan karatun da muke zaune a ciki, kuma da yawanmu sai da aka sayar da maraƙi aka biya mana kuɗin rajista. Mafi ƙarancin sakayya ita ce mu tabbatar cewa kayan da muka sa hannu aka raba musu ba su kashe musu dabba ba, ba su dakushe musu 'ya'ya ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin.